Matsayin Wanda Ya Warke A Cikin Jinyar Wanda Bai Warke Ba

Duk wanda ya zauna a zauren mai gari, ko a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, ko a fadar samari inda ake dafa shayi, a ƙasashen Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ba zai daɗe ba sai ya ji an ɗauko zancen yaran da ƙwaya ta cinye, daga nan kuma zance ya gangara kan bayin Allah da taɓin hankali ya kama, domin a idon jama'a waɗannan musibu biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, ko da yake a wajen masana kowace da asalinta. Wani ya ce a ɗaure su, wani ya ce a miƙa su ga jandarma su ɗanɗana gidan kaso, wani ya ce a kai su wajen malam a yi musu ruƙiyya, wanda ya yi boko kuma ya ce sai asibiti. Wanda ban cika jin an ambata ba, alhali kuwa shi ne mafi kusa da hannunmu, shi ne mutumin da ya sha ya daina, ko ya yi ciwon Allah ya ba shi sauƙi, yana nan cikin gari yana nomansa yana cin kasuwarsa. Ra'ayina, wanda zan faɗa tun da wuri don kada mai karatu ya yi ta laluben inda na dosa, shi ne a zaɓi irin waɗannan mutane, a ba su horo, a ɗora su ƙarƙashin kulawar asibiti, a biya su haƙƙin wahalarsu, su zama abokan tafiyar waɗanda har yanzu ke cikin ciwon. Akwai masu ja da wannan magana, cikinsu har da dattawan da nake jin nauyinsu, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne, don haka zan kawo su yadda masu su ke faɗarsu, in auna.

Sai dai kafin nan ya kamata mu san girman abin da muke magana a kansa. A ƙidayar shekarar 2012 waɗannan gundumomi uku sun ƙunshi mutum fiye da dubu 900, Gidan Rumji kaɗai ta haura rabin miliyan, kuma kowa ya san yadda jihar Maraɗi ke hayayyafa tun daga lokacin. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri da Maraɗi, ta bi ta Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, iyakar Nijeriya kuwa tana nan kudu, tafiyar babur ce. Hanyar da gero da wake da aya ke bi su fita, ita ce tramol ke bi ya shigo. Wanda likita ke rubutawa don ciwo mai tsanani galibi miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a yarda a wuce 400 a yini ba, amma wanda ke hannun 'yan talla akwai mai 200 da mai 225 a ƙwaya guda, saurayi kuma ya haɗiye biyu ko uku kafin hantsi. A shekarar 2018 Indiya, inda mafi yawansa ke fitowa, ta sanya shi cikin magungunan da doka ta tsananta a kansu. A watan Mayun shekarar 2018 ɗin Nijeriya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi da gwamnatin Nijeriya kuma ya ƙiyasta masu ta'ammali da su a ƙasar mutum miliyan 14.3. In gemun maƙwabci ya kama wuta haka, wane ruwa muka shafa wa namu?

Mai shakka ya tsaya wajen mai shayi a tasha da sassafe, ranar kasuwa. Zai ga ɗan kabu-kabu ya jingine babur, ya karɓi kofin kofi mai zafi, ya juya baya kaɗan, ya ɓalle ƙwaya daga takardarta da babban yatsa ya jefa a baki ya kora. In kasuwa ta watse kuma ya duba ƙasa, zai ga ɓawon takardun nan masu ƙyalli a cikin rairayi. Wannan yaro ba nishaɗi ya fito nema ba. Tun farko an ce masa maganin gajiya ne, wanda ke sa ɗan ƙwadago ya nome kadada bai ji rana ba, ya sa mai haƙar zinariya a Jado ya wuni cikin rami bai ji yunwa ba. Kafin ya farga, abin da ya saya don ya yi masa aiki ya zama shi yake yi wa aiki. Ga kuma wani nauyin daban a ƙasar Gidan Rumji: tun shekarar 2019 'yan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun 'yan bindiga, har suka haura dubu 40 kafin shekarar ta ƙare, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A cikinsu akwai matar da aka kashe mijinta a gabanta, akwai yaron da ƙarar babur ke sa shi rawar jiki. Irin wannan rauni ba ya zub da jini, don haka ba a rubuta shi a takardar asibiti.

To, me muka tanadar wa waɗannan duka? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, galibinsu kuma a Yamai suke, inda sashen nan na babban asibitin ƙasa da ake kira Pavillon E ya zama abin tsoratar da yara a bakin mutane, alhali tsakaninsa da Maraɗi akwai fiye da kilomita 600. Mai hali ya kai nasa birni ko ya tsallaka da shi asibitin Kware ta Sakkwato. Talaka kuwa ya sayar da akuya ya zagaya malamai da bokaye, in kuɗi suka ƙare ya dawo gida ya sa turu. Na taɓa ganin wani saurayi a bayan rumbu a wani ƙauye, ƙafarsa ɗaya cikin gungumen itace, ƙaurinsa ya yi kanta, akushinsa a gefe ƙudaje na bi, mahaifiyarsa kuma na zaune nesa kaɗan tana sussuka ba ta iya ɗaga ido ta dube shi. Ba ƙiyayya ta sa ta yarda aka ɗaure shi ba. Tsoro ne kada ya faɗa rijiya, da rashin wanda zai nuna mata wata hanya. Mun kuma ji abin da aka tarar a gidajen mari na Nijeriya, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, sannan aka buɗe na Daura a wata mai bi masa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can da kuɗinsu suka kai, gyara suke nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin ɗakin mara lafiya da ƙofar asibiti.

Wannan tazara ita nake so abokin tafiya ya tsaya a cikinta. Aikinsa ba mai sarƙaƙiya ba ne. Yaron da ya yi niyyar dainawa, in ya kai dare na biyu ko na uku babu ƙwaya, gumi na karyo masa, hamma da majina ba su tsayawa, ƙasusuwan ƙafarsa kamar ana sara, cikinsa ya ɓaci, barci ya ƙaurace, zuciyarsa kuma na raya masa mutuwa ce ta zo. In uba ya ce masa ya yi haƙuri, a ransa zai ce ba ka sani ba. In liman ya ce ya ji tsoron Allah, zai sunkuyar da kai kunya ta ƙara masa nauyi. Amma in wanda ya kwana cikin wannan hali ya zauna a bakin tabarmarsa ya ce masa ni ma haka na yi, kwana kaza ne zai sassauta, ga ni a gabanka da matata da 'ya'yana, to, gani ya kori ji. Shi ne zai raka shi asibiti ranar da aka ba shi, ya tuna masa shan magani, ya lura da shi lokacin damina da ranar biki da ranar da aka sami kuɗin amfanin gona, domin ya san ranakun da ƙafa ke zamewa. Shi ne kuma zai zauna da iyaye ya fahimtar da su cewa gori da duka ba sa fitar da ƙwaya daga jini.

Hujja ta farko da ake kawo mini ita ce ta dattawa: hali zanen dutse, tuban ɗan ƙwaya tuban muzuru ne, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ka haɗa tsohon mashayi da sabo, ka buɗe musu majalisa. Ba na musun cewa ana komawa. Komawa ruwa bayan an daina abu ne sananne ga duk wanda ya yi jinyar wannan ciwo, kuma wanda ya daina jiya bai cancanci a ba shi amanar wani yau ba, sai ya daɗe a tsaye, jama'ar unguwarsa sun shaida, asibiti ma ta shaida. Amma in hali ba ya canzawa, ina za mu kai Fulailu ɗan Iyali, wanda ya fara da tare hanya ya ƙare yana cikin manyan masu zuhudu da ake karɓar hadisi daga gare su? Ina za mu kai sahabin nan da aka riƙa kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya tsine masa don yawan maimaitawa, Annabi ya hana tsinuwar, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa? An tsayar masa da hukunci, ba a kore shi daga jama'a ba. Shari'a ma da ta zo haramta giya da tadriji ta zo, mataki bayan mataki, saboda Mahalicci ya san yadda sabo ke riƙe ɗan Adam. Game da zama da maɗaukin kanwa kuwa, ai yaron nan yana zaune da shi tun tuni, a fada da tasha. Tambayar ita ce ko za mu ba shi wani abokin zaman da ya fi wancan. A Amurka, a garin Akron, a shekarar 1935, wasu mashaya giya biyu, ɗaya dillalin hannun jari ɗaya likita, suka gano cewa wanda ke ƙoƙarin riƙe wani shi ma yana riƙe kansa ne, daga nan ƙungiyarsu ta yaɗu a duniya. Aikin da kansa kariya ne ga mai yinsa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko zurfi, daga bakin malamai take fitowa: Allah ya suturta bawansa, don me zai tashi yana tona asirin kansa a gaban mutane, alhali an yi hani ga bayyana saɓo? Wannan magana gaskiya ce a muhallinta, muhallinta kuwa shi ne mai alfahari da zunubi, wanda ya kwana cikin sutura ya wayi gari yana ba da labari don a yaba masa. Amma Ka'abu ɗan Maliku ya ba da labarin yadda ya ƙi fita yaƙin Tabuka ba da uzuri ba, da yadda aka ƙaurace masa kwana hamsin, da yadda aka karɓi tubarsa, malamai kuma suna karantar da wannan labari har gobe domin fa'idar da ke cikinsa. Niyya ce ta raba su. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashin wannan hujja da ya wajaba a kiyaye, shi ne amana. A ƙauyen da kowa ya san kowa, kalma ɗaya in ta fita daga ɗaki tana iya hana yarinya aure, ta hana saurayi bashi a kasuwa, ta bi zuri'a har jikoki ana cewa gidan mahaukata ne. Abokin tafiyar da ba ya iya riƙe bakinsa ya fi guba illa, a sallame shi ranar da aka tabbatar. Saboda wannan dalili ne ma na ga lallai mata su sami nasu daga cikin mata. Akwai matan aure da ke shan maganin barci da na tari a cikin ɗaki ba wanda ya sani, akwai mai jegon da hankalinta ke gushewa bayan haihuwa a ce aljanu ne suka shafe ta a wankan jego. Namiji ba zai shiga wajensu ba, ba kuma za su faɗa masa ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Hujja ta uku ta ma'aikatan lafiya ce, ita ce kuma wadda na fi ba wa gaskiya. Suna cewa wanda bai karanci likitanci ba zai iya kashe mutum da kyakkyawar niyya: ya ce wa mai ciwon ƙwaƙwalwa ya bar magani tunda ya ji sauƙi, ciwon ya dawo ya fi na da, ko ya sa wanda ya daɗe yana shan diyazefam ya yanke shi dare ɗaya, alhali yanke irin wannan magani farat ɗaya na iya jawo farfaɗiya mai halakarwa, ko ya ɗauki zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa a matsayin maye. Suna kuma tsoron kada hukuma ta sami abin fakewa, ta ce ai mun ba ku 'yan sa-kai, ta ƙi ɗaukar ma'aikata da sayen magani. Haƙiƙa wannan tsoro yana kan hanya. Ilimin da aka tara a kan wannan aiki ma bai ce yana warkar da komai ba: wani babban gwaji da aka yi a Ingila, aka buga sakamakonsa a 2022, ya nuna cewa haɗa wanda aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa da abokin tafiya bai rage yawan sake kwantar da marasa lafiya ba, amfanin da aka fi gani a bincike daban-daban shi ne dawowar fata, da ƙarfin zuciya, da komawa cikin mutane. To amma Ingila tana da likita da magani da motar asibiti, abokin tafiya ƙari ne a kan abin da ke akwai. A Gangara ko Gidan Sori fa, wa zai fara gano mara lafiyar, wa zai lallashi iyaye su cire turu su hau mota? A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu ƙuncin zuciya. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna da su ke da sauran alamun ciwon, a cikin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. Waɗannan tsofaffi ba marasa lafiya ba ne da suka warke, amma sun tabbatar da cewa mutumin gari in an horar da shi aka sa masa ido yana ɗaukar wani kaso na aikin. A asibitin Butabika ta Kampala a Yuganda kuwa, waɗanda suka yi ciwon da kansu ne ake horarwa suna bin 'yan'uwansu har gida. Iyakar aikin a bayyane take: abokin tafiya ba ya rubuta magani, ba ya hana shi, ba ya ba da fatawar ciwo; in ya ga farfaɗiya, ko zancen kashe kai, ko barazana ga wani, ya garzaya da mutum asibiti. Kowane wata kuma ya zauna da malamin asibitin da ke kula da shi, ya faɗi abin da ya gani, a kuma duba lafiyarsa shi kansa.

Masu cewa wannan al'adar Turawa ce da ƙungiyoyi ke son shigo mana da ita, amsarsu a ƙofar gidansu take. A jihar Maraɗi aka kafa Mata Masu Dubara a shekarar 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, mata na haɗuwa mako-mako suna zuba kuɗi a asusu suna ranta wa juna, daga baya matan da suka ƙware suka riƙa koya wa sababbin ƙungiyoyi. Daga nan tsarin ya fita zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. A ƙasar Agye, a ƙauyuka irin su Ɗan Saga, manomi ne ya koya wa manomi sassaben zamani, aka kafa kwamitin gari mai tsaron itatuwa, har masana suka ƙiyasta kadada wajen miliyan 5 da suka sake yin itace a kudancin Nijar. Abin da manoman nan suka gane shi ne kututturen da ake ɗauka matacce saiwarsa na da rai a ƙasa, in aka zaɓi tohonsa aka kare shi daga gatari da bakin akuya sai ya koma itace. Ɗan ƙwayar da muka yanke wa ƙauna haka yake. Ko 'yan bori da ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi suka daɗe da sani, waɗanda ba na goyon bayan aƙidarsu, abin da ke jan mara lafiya wajensu shi ne ya tarar da mutanen da suka yi irin ciwonsa ba sa ƙyamarsa. Shin ya dace a ce mai neman wanda zai fahimce shi sai ya je inda imaninsa zai shiga haɗari, saboda masallaci da asibiti ba su tanadar masa kowa ba?

Saura batun kuɗi, inda kyawawan shawarwari da yawa suka mutu a ƙasarmu. Mutumin da ya fito daga shaye-shaye galibi ya fito ne hannu wofi, jarinsa ya ƙare, gonarsa wataƙila tana jingina. A ce ya bar neman abincinsa ya bi gida-gida don lada kawai, zalunci ne da aka yi wa rigar ibada, kuma talaucin da ya kai shi ga ƙwaya shi zai mayar da shi. Ba na kuma son a rataya abin a wuyan baƙi, domin mun ga yadda taimakon waje mai yawa ya tsaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mun kuma saba ganin aiki ya mutu ranar da motar masu shi ta bar gari. Kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo don tsare su, tare da addini da rai da zuri'a da dukiya. Abin da ya kai wannan daraja kuwa, in babu mai tsaya masa a gari, laifin yana kan kowa, kamar sallar gawa. Ƙaramar hukuma na karɓar harajin kasuwa, attajiran Maraɗi na fitar da zakka, wanda jinya ta talauta kuma yana cikin masu haƙƙi a kanta. Alawus ɗin mutum biyu, namiji da mace, a kowane asibitin karkara bai fi ƙarfin waɗannan aljihuna ba.

Don haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, da manyan likitocin gundumomin, da fadar Sarkin Gobir a Tibiri da sauran sarakunan ƙasa da limaman Juma'a, shi ne kada a jira sai an gina babban asibitin ƙwaƙwalwa a kowace gunduma. A fara da asibitin karkara guda a kowace ƙasa, a nemo waɗanda suka daɗe da warkewa kuma jama'a suka shaide su, a horar da su, a haɗa su da malamin asibiti mai kula da su, a yanka musu abin da za su riƙe gida, bayan shekara a zauna a ƙirga mutum nawa aka cire daga turu, nawa suka ci gaba da shan maganinsu, nawa suka koma gona. In lissafin bai nuna amfani ba a faɗa a fili a gyara. In ya nuna, a ƙara wani asibitin. Kai kuma mai karatu da ke da irin wannan mara lafiya a bayan ɗaki, ka nemi wanda ya taɓa yin ciwon ya warke a garinku, ka roƙe shi ya raka ku asibiti a wannan makon.